Lambar Hula da Awon Kai: Zaɓen Hular Kwano ga Mahaya Keke a Gagarawa Tasha da Kewayenta

Tsakure

Wannan takarda ta duba matsayin hular kwano ga mahaya keke a Gagarawa Tasha da sauran garuruwan masarautar Gumel, inda keke yake abin hawan ɗalibi da manomi da mai sayar da ruwa. Ta bi sakamakon binciken da aka yi a ƙasashen waje kan amfanin hular, ta gwada shi da abin da mai takardar ya gani da idonsa a yankin. Matsayarta ita ce, hular da ba ta zauna daidai a kai ba ta zubar da kaso mai yawa na amfaninta, kuma ɗabi'unmu na sayen kaya da girma, da ɗora hula kan hula, da sayen gwanjo, su ne za su fara kassara ta tun kafin a zo maganar doka. Takardar ta ba da shawarar a fara da awo da koyarwa, ta hannun teloli da masu gyaran keke da malaman makaranta.

1.0 Gabatarwa



Jirgin ƙasa ne ya raɗa wa Gagarawa Tasha suna. Layin dogon da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930 ya ratsa ta nan, aka kafa tasha, sunan ya bi wurin har ya bambanta shi da Gagarawa Gari. Yau kuwa, wanda ya zauna bakin hanya da sassafe babura da kekuna zai yi ta ƙirgawa. Ga ɗalibai suna shigowa daga ƙauyukan kewaye, wani ya goyo ƙaninsa a kariya. Ga manomi da buhun gero ko na riɗi. Ga mai ruwa da jarkoki a rataye hagu da dama. Ga dattijo a kan tsohon Raleigh da ya saya tun zamanin da kamfanin ke haɗa kekuna a Kano, ko kuma Phoenix ɗin China. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, mutane da dama da suka jingine keke a zaure sun kakkaɓe shi sun kai wa mai faci.

Hanyar da waɗannan mutane ke bi ba da su aka zana ta ba. Kwalta ce tsiririya, gefenta yashi. Ranar Alhamis, da kasuwar Maigatari ke ci, manyan motoci maƙare da dabbobi ba sa ragawa kowa. Mai keke ya ji hon a bayansa, sai ya sauka daga kwalta, tayar gaba ta nutse cikin yashi, kan keken ya murɗe, shi kuwa ya wuce ta sama. In ba yashi ba, akuya ce ta gifta, ko amalanke ta fito daga gona ba fitila, ko taya ta maƙale a layin dogo don an tsallaka shi a karkace. Lokacin hunturu kuma hazo ya ƙara nasa.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ne suka mutu a haɗurran hanya a 2021, kashi 6 cikin 100 daga cikinsu mahaya keke ne, kuma in aka auna da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ta fi kowace asarar rayuka. Takardar nan ta ɗauki abu guda daga cikin wannan babbar matsala: kan mai keke, da abin da ya kamata ya ɗora masa.

2.0 Abin da ke samun kai idan ya bugi ƙasa

Sau da yawa na ji ana cewa ai keke ba gudu yake ba, me zai yi da hular kwano. Lissafi bai goyi bayan wannan magana ba. Kan babban mutum da ke bisa sirdi yana da tazarar kimanin mita 1.5 daga ƙasa. Duk abin da ya faɗo daga wannan tsayi, gudunsa ya kusa kilomita 20 a awa lokacin da zai taɓa ƙasa, ko da keken a tsaye yake cak. Gudun keken ƙari ne kawai.

Illar tana cikin tsayawar farat ɗaya. Ƙoƙon kai ya bugi kwalta ya tsaya, ƙwaƙwalwar da ke ciki kuwa ba ta tsaya ba tukuna, sai ta bugi ƙashi daga ciki, kamar yadda kindirmo ke dukan bangon ƙwarya in mai tallar ta yi tuntuɓe. In bugun ya zo a karkace, kan yakan juya, ƙwaƙwalwa ta murɗe, ƙananan jijiyoyi su tsinke. A gefen kai, tsakanin ido da kunne, ƙashin ba shi da kauri, kuma akwai jijiyar jini kwance a ƙarƙashinsa. In ta fashe, jini yakan taru a hankali. Wannan ne ciwon da ke yaudarar iyali: yaro ya faɗi, ya tashi ya kakkaɓe riga, ya ci tuwon dare, a ce Allah ya tsare; can cikin dare amai ya taso, barci mai nauyi ya ɗauke shi, a tashe shi ya ƙi tashi. Duk wanda ya bugu a ka sannan aka ga amai, ko ruɗewa, ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, ko ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya girma, asibiti ake nufa da shi nan take. A tuna kuma, tiyatar ƙwaƙwalwa aiki ne na manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma daga Gumel zuwa Kano tafiyar kimanin kilomita 120 ce. Mutumin da ke zaune nesa da likitan ƙwaƙwalwa ya fi ɗan birni bukatar kare kansa.

Hular kwano ta keke abu uku ce: siririn ɓawon roba a waje, farin soso mai tauri a ciki, da igiyar ɗauri. Soson dangin wanda ake tokare talabijin ko firji da shi ne a cikin kwali, sai dai ya fi shi danƙo da tauri. Aikinsa shi ne ya murƙushe. Maimakon kai ya tsaya a cikin tazarar da ba ta kai faɗin ƙwayar gero ba, sai ya tsaya a cikin kaurin soson, ƙarfin bugun ya ragu kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Ɓawon yana sa hular ta zame a kan kwalta maimakon ta kafe. Igiyar kuwa ita ce ke tabbatar da cewa soson yana wurin da ake bukatarsa a lokacin da ake bukatarsa. Kamfanin Bell na Amurka ne ya yaɗa wannan tsari da hular da ya fitar a 1975, kuma har yau a kansa ake.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Duk wanda ya kalli 'yan lifidi a hawan sallah ya ga kwalkwali. Magabatanmu sun cusa audugar rimi a lifidi, sun cusa tsumma a kwalkwali, don sun gane cewa abu mai lotsawa ke shanye bugu. Ba wanda ya taɓa kiran barde matsoraci don ya sa kwalkwali.

3.0 Shaidar bincike da iyakarta

Binciken da ya fi tashe shi ne na Thompson da Rivara da Thompson, wanda suka yi a Siyatil ta Amurka aka buga a 1989. Sun ce hular tana rage haɗarin rauni a ka da kashi 85 cikin 100. An daɗe ana yawo da wannan adadi, amma nazarce-nazarcen baya sun nuna ya yi yawa. A 2017 Olivier da Creighton sun tattara bincike 40 da suka shafi mahaya keke fiye da 64,000 da suka ji rauni, suka samu raguwar kashi 51 a raunin kai gaba ɗaya, kashi 69 a mummunan rauni, kashi 65 a raunin kai mai kisa. Høye ta ƙasar Norwe ta yi irin wannan aiki a 2018, ta samu kashi 48 da kashi 60 a na farko da na biyu. Ke nan in za mu faɗa wa jama'a gaskiya, mu ce hular tana rage raunin kai da kusan rabi, mummunansa kuma da abin da ya haura haka. Wannan ma ya isa hujja, ba sai mun ƙara gishiri ba.

Wanda ya fi shafar wannan takarda shi ne wani aikin Rivara da abokansa na 1999, inda suka duba zaman hular a kan yara. Waɗanda hularsu ba ta yi musu daidai ba sun kusa ninka waɗanda tasu ta zauna wajen haɗarin rauni a ka. Sun kuma lura cewa yaran da suka ji rauni hulunansu sun fi kawunansu faɗi, kuma wadda aka tura ƙeya ta fi wadda ta zauna tsakiya haɗari.

Iyakar shaidar nan a fili take. An yi waɗannan nazarce-nazarce a garuruwan Turawa, a kan hanyoyinsu da kekunansu, da huluna masu inganci. Sannan gwajin da ake yi wa hular gwajin faɗuwa ne. Ma'aunin Turai mai lamba EN 1078 yana sako ta daga kimanin mita 1.5, na Amurka mai alamar CPSC, wanda ya zama dole a 1999, daga mita 2. Babu ma'aunin da ya yi alkawarin tsare mutum daga tirela. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, wanda ke kiran 'yan Najeriya su koma hawan keke, bas ta ture shi cikin kwata a Abuja yana kan kekensa. Hula ba ta hana bas zuwa. Amma faɗuwa a yashi da tuntuɓe da akuya, waɗanda su ne abincin yau da kullum na mai keke a yankinmu, daidai irin bugun da aka ƙera hular dominsa ne.

4.0 Darasin ƙoƙo

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, ta fara tilasta wa masu babur sa hular kwano ranar 1 ga Janairu, 2009. Da yawanmu mun tuna abin da ya biyo baya. A Kano da wasu garuruwa 'yan acaɓa sun kifa ƙoƙo a ka, wani ya shafa masa fenti ya zura masa igiya, wani ya ɗauko hular leburorin gini, labarin ya kai har kafafen yaɗa labarai na duniya. Fasinjoji suka ƙi sa hular da wani ya cire, wasu don ƙwarƙwata da makero, wasu don tsoron asiri. An yi dariya, an wuce.

Ni dai abin da na ɗauka daga wannan shi ne, mutumin da aka tilasta wa abu bai san dalilinsa ba zai nemo siffar abin ya bar ainihinsa. Ƙoƙo a kan ƙoƙon kai yana gamsar da jami'in da ke tsaye a shinge, kuma iyakarsa ke nan. Hular gaske da ta yi wa mutum yawa, ko aka bar igiyarta na lilo, ba ta yi nisa da ƙoƙon ba.

Na gani a gidanmu. Wani ɗan uwa ya aiko wa ɗan wana, yaro ɗan ƙaramar sakandare, hular kwano daga birni, mai kyau, ja da fari. Ta manya ce. Yaron ya ɗora ta kan hularsa ta makaranta, ya tura ta ƙeya don a ga fuskarsa, igiyar kuwa ya ce tana shaƙe shi. Ran nan akuya ta gifta masa, ya danne birkin gaba. Hular ta riga shi isa ƙasa, ta gangara gefe guda ko ƙwarzane babu, shi kuwa aka yi masa ɗinki a goshi. Hukuncin da aka yanke a tsakar gida shi ne, ashe hular ba ta da amfani. Har yau tana rataye a ƙusa.

5.0 Zaɓen hula

5.1 Awo

Muna da wata gata da ba mu lura da ita ba. Da wuya ka sami magidanci a ƙasar Gumel da bai san lambar hularsa ba. Ka tsaya gaban mai sayar da zanna ko damanga, tambayarsa ta farko ita ce lamba nawa, kai kuma ka ce 22 ko 22 da rabi ba tare da tunani ba. Wannan lamba kewayen kai ne da inci. Hulunan kwano kuwa da santimita ake rubuta su a ciki. Inci 21 ya yi kusan santimita 53, inci 22 kusan 56, inci 23 kuma 58 da ɗoriya. Yawancin kamfanoni matsakaiciyar hularsu tana ɗaukar kai daga wajen 55 zuwa 59, babba daga nan zuwa 62, amma kowane kamfani da nasa yankan, don haka lambar da ke rubuce a cikin hular ake bi.

Lambar zanna mafari ce kawai, don wasu a saman kai suke ɗora ta. Awon da ya dace shi ne a ɗauki tef ɗin tela a zagaya kai da shi, faɗin yatsa biyu sama da gira, ya bi ta saman kunnuwa, ya ratsa inda ƙeya ta fi tudu. In babu tef, zare ya isa, sai a kai wa tela ya gwada. Kuma kai ba iri ɗaya ba ne: wani zagayayye, wani dogo daga goshi zuwa ƙeya. Mutum biyu masu lamba ɗaya, hula ɗaya za ta matse wa wannan gefe ta bar wa wancan rami. Shi ya sa aike ba ya sayen hular kwano. Mai kan ya je da kansa.

5.2 Zama da ɗauri

Hular tana zama ne a miƙe, ta rufe goshi, tsakaninta da gira yatsa biyu. Wanda ya ɗaga ido sama ya kamata ya hango bakinta. Yawancin na zamani suna da abin murɗawa a ƙeya. A murɗa shi har hular ta kama kai ko'ina ba tare da ta sa ciwo ba. Kafin a ɗaura igiya, mutum ya girgiza kai hagu da dama. In hular ta tafi tare da fatar goshi, ta zauna. In ta yi rawa ita kaɗai kamar murfin tukunya, ta yi yawa, kuma jan igiya ba zai gyara ta ba.

Igiya biyu ke saukowa a kowane gefe, ɗaya ta gaban kunne, ɗaya ta bayansa, su haɗu daidai ƙarƙashin kunnen kamar bakin gwafa. A ƙarƙashin haɓa, yatsa ɗaya ya shiga, in ya yi yawa biyu. Sai gwaji na ƙarshe, wanda yara ke so: a yi hamma babba. In an ji hular ta danno kai daga sama, ɗaurin ya yi. Sannan wani ya sa tafin hannu ya tura ta gaba ya tura ta baya. Kada ta rufe ido, kada ta buɗe goshi. Duka wannan bai kai tsawon lokacin da mai faci ke ɗauka yana neman huji a tif ba.

5.3 Hula, hijabi da kitso

A nan ne littattafan Turawa ba su da abin ce mana. Bahaushe ba ya son fita kai ba hula, ga rawani, ga malafa lokacin rani. Hular kwano ba ta hawa kan ɗaya daga cikinsu. Zanna tana ɗaga ta sama ta bar goshi da gefen kai a buɗe, wato wuraren da suka fi bukatar kariya. Mafita mai sauƙi ce: a naɗe hular a sa aljihu ko jaka, in an sauka a mayar. Wanda gumi ke damu zai iya shimfiɗa siririn hankici.

Ga 'yan mata ɗalibai da matan da ake ɗauka a kariya, hular tana hawa kan hijabi in yadinsa marar kauri ne kuma an shimfiɗe shi ba tattara, sai dai a yi awon da hijabin a kai. A guji allura ko fil a ƙarƙashinta. Kitso mai tudu irin shuku yana hana ta zama. Wanda aka kwantar zuwa ƙeya ya fi. Wani abin da ba na kai ba amma ya kamata a faɗa: dogon hijabi da babbar riga suna shiga sarƙa ko tayar baya, su fizgo mutum ƙasa. A tattare su kafin a hau.

5.4 Yara

Mu mutane ne masu sayen kaya da girma. Rigar sallah a ɗinka ta da ɗan tsawo don ta kai baɗi, takalmi a cusa masa takarda. Talauci ne ya koya mana, kuma a riga ba laifi. A hular kwano kuwa wannan dabara ita ce ainihin abin da binciken 1999 ya kama. A saya wa yaro daidai kansa na yau. In ya girme ta, ƙaninsa ya gada, muddin ba a taɓa faɗuwa da ita ba. Yaron da ake ɗorawa a kariya ko a sandar gaba shi ma mahayi ne. Jaririn da bai shekara ba wuyansa bai iya ɗaukar hula ba, likitocin yara sun hana a hau keke da shi ma gaba ɗaya. A kuma koya wa yara su cire hular da zarar sun sauka, musamman in za su hau bishiya, don igiyar na iya maƙalewa a reshe ta shaƙe su.

5.5 Gwanjo, zafi da fetur

Mafi yawan hulunan da za su iso yankinmu na hannu ne, cikin dilar gwanjo. Matsalar ita ce soson sau ɗaya yake aiki. In ya murƙushe ba ya dawowa, kuma ɓawon waje yakan ɓoye tsagar. Na taɓa tsayawa a wata rumfa a Kano ina juya wata hula mai sheƙi, na ɓare laushin da ke manne a ciki, sai ga tsaga ta ratsa soson daga goshi har tsakiya. Mai rumfar ma bai san da ita ba. Wanda zai sayi ta hannu ya cire laushin ya duba a hasken rana, ya kama gefe biyu ya ɗan buɗa ya ga ko tsaga za ta bayyana, ya ja igiyar da ƙarfi, ya ɗaura makullin ya kwance sau da yawa. Sabuwa kuma a nemi takardar da ke manne a ciki mai ɗauke da EN 1078 ko CPSC, da lambar kai, da shekarar ƙira. Ana buga takardar jabu, don haka a haɗa da yatsa: soson gaske yana da kauri, kuma ba ya lotsawa don an danna shi. Hular da cikinta katifa ce kawai abin wasan yara ce.

Hular leburorin gini an yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama, ba ta da soson shanye bugu. Hular babur tana kare kai, amma ta ninka ta keke nauyi sau uku ko fiye, ga zafi, mai taka feda zai cire ta kafin ya kai gona. Ta keke kuwa ba ta isa a hau babur da ita ba. Wannan ya kamata a nanata, don gidaje da yawa suna da keke da babur, kuma za a so hula ɗaya ta yi duka.

Maganar zafi gaskiya ce, duk wanda ya taka keke a watan Afrilu a Sule Tankarkar ya san ta. A zaɓi fara ko mai haske, mai manyan tagogin iska. Masu gwaji suna gasa hular a zafin da ya kai wajen digiri 50 kafin su sako ta, don haka ranarmu ba za ta narkar da ita a kai ba. Amma kada a bar ta kullum a kan kwanon ɗaki ko kusa da murhu. Babban makiyinta fetur ne. Duk wanda ya taɓa ganin an jefa farin soso cikin fetur don haɗa gam ɗin liƙe bokiti ya san yadda yake narkewa nan take. A gidan da ake ajiye galan ɗin mai a zaure, a raba shi da hular. Haka fenti da kananzir. Ruwa da sabulu sun ishe ta wanki.

6.0 Doka ko koyarwa

Jihar Biktoriya ta Ostireliya ta wajabta hular ga masu keke ranar 1 ga Yuli, 1990, Niyu Zilan ta bi a 1994. Hukumar tseren keke ta duniya ta wajabta wa 'yan tsere a 2003, bayan mutuwar Andrei Kivilev a wani tsere a Faransa. Amma masu bincike irin su Dorothy Robinson sun yi jayayya cewa dokar Ostireliya ta kori mutane daga hawan keke, har yau kuma ana muhawarar. A Holan kuwa mahaya kaɗan ne ke sa hula, duk da haka tana cikin ƙasashen da hawan keke ya fi aminci, saboda an raba hanyar keke da ta mota.

Ra'ayina shi ne kada a kawo dokar tara ga mai keke a yankinmu yanzu. Wanda ya koma keke don fetur ya fi ƙarfinsa, in aka tare shi a shinge, ko dai ya jingine keken ko ya nemo ƙoƙo. Kuma kada hukuma ta fake da hula ta manta nata aikin: gyara kafaɗar hanya, rage gudun motoci a bakin makarantu da kasuwanni, da raba abin ƙyalli da masu keke za su manna don a hango su da dare. Masu cewa abin da Allah ya ƙaddara sai ya faru, gaskiya suka faɗa, amma su ɗin ma ba sa hawa keke marar birki.

Kirana ga shugabannin ƙananan hukumomin Gagarawa, Gumel, Maigatari da Sule Tankarkar, da ƙungiyoyin da ke raba wa ɗalibai kekuna, shi ne duk keken da za a bayar ya zo da hula, kuma a auna kawunan yaran kafin a yi odar, kada a sayo lamba ɗaya a raba kamar buhun taki. Kwalejin Ilimi ta Gumel tana yaye malaman da za su koyar a ƙauyukan nan. Darasi ɗaya kan awo da ɗauri ya ishe su su kai wa ɗaruruwan yara. Masu gyaran keke da ke zaune gindin darbejiya su ne kowane mahayi ke ratsawa ta wurinsu, a koya musu gwajin yatsa biyu da na hamma, a ba kowannensu tef. Ranar 3 ga Yuni ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2018 a matsayin ranar keke. Ina roƙon jami'an kiyaye haɗurra, in ta zagayo, su zo filin makaranta a Gagarawa Tasha da tela guda da tef ɗinsa, a fara auna kawunan 'yan aji ɗaya.